Amon Tukunya

Kakata Iya Hansai maginiyar tukwane ce, kuma ban taɓa ganin mace mai taurin zuciya irinta ba. Ina sonta, ina tsoronta, har yau ban san wanne ya fi yawa ba. Ranar gashin tukwane kaɗai take mana tatsuniya. Za ta jera su a bayan gida, ta lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta bayan magariba. Dole a yi gadin wutar har ta lafa, shi ya sa take tara mu jikoki, ba don mun burge ta ba.

Washegari sai gwaji. Ta ɗauki tukunya, ta ɗalle ta da yatsa, ta kara kunne. In ta yi amo, a kai kasuwa. In ta yi ɗif, to akwai tsaga a ɓoye. Nan take za ta rotsa ta, ta daka tsingaron, ta cuɗa garin a sabon yumɓu don ya ƙara ƙarfi.

Ina shekara takwas na gina 'yar tukunyata ta farko. Tana cikin wuta Iya ta kalle ni ta ce, "Ku gyara zama, ga wata tatsuniya nan tafe."

Wai wata maginiya ce ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta gina yarinya da yumɓu, ta gasa ta. Yarinya ta tashi da rai. Ita ce shara, ita ce ɗiban ruwa, bakinta kullum "Inna, Inna, zo ki gani." Rannan maginiya ta ɗalle mata goshi, ta ji ɗif. Ba ta yi wata-wata ba ta rotsa ta, ta daka, ta gina wata da garin. Ta biyun ta yi amo har maƙwabta suna ji. Ba ta taɓa fashewa ba, ba ta kuma taɓa cewa Inna ba.

Na ce, "Iya, ta farin ba ta yi kuka ba?"

"Ta yi mana," in ji ta, tana gyara wuta. "Kuka na toshe tsaga ne? Ja'ira."

Da safe ta ɗalle tukunyata a gaban kowa. Ni ma na ji abin da ta ji. Ta miƙo mini taɓarya ta ce in daka da hannuna. Na daka ina kuka, 'yan'uwana suna dariya.

Yanzu ina ƙasar waje, a garin Springfield, ina aikin jinya, Iya ta daɗe da rasuwa. Bara muka je wata kasuwar kayan hannu da 'yata Zulai, muka tarar da wani tsoho ɗan yankin Latgale na ƙasar Latbiya yana sayar da baƙaƙen tukwane da ya gasa da itace. Ya ce tun yana yaro yake wannan sana'a. Ya bar Zulai ta shafa duk wadda ta so, har ya ba ta usur na yumɓu kyauta. Daga nan ta nace sai da na sa ta ajin ginin tukwane.

Bayan wata biyu ta shigo kicin da gudu riƙe da ɗan kasko. "Mama, duba!" Wallahi ban yi niyya ba, yatsana ne ya riga ni. Na ɗalle shi, ya yi ɗif.

"Wannan bai yi ba," na ce. "Ya tsage."

Ta tsaya tana kallona. Ta ce da Turanci, "Ke na yi wa." Sannan ta taka kwandon shara, murfin ya buɗe, ta jefa shi, na ji ya rabe.

Shekara da shekaru ina jin haushin maginiyar nan, ina ɗauka ni ce yarinyar da aka daka. Ban taɓa tunanin duba hannuna ba. Na tsince kaskon, yana cikin akwatina gida biyu. Zulai ta bar ajin. Makinta a makaranta kullum na sama ne, malamai sai yabo, kowa ya gan ta sai ya ce na iya tarbiyya. Amma tun ranar ba ta ƙara kawo mini komai ta ce in duba ba.