Kawu, Mutumin da Ya Ƙi Saka Madubi a Ɓoye

Ranar Talata, tara ga wannan wata, da hantsi, ina tsugune a bayan akwatin na'urori ina neman kebul ɗin da ya kwance, sai matarka ta kira ni ta ce ka cika. Allah ne Ya ba mu kai, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, mu ma muna tafe. Na zauna a ƙasa da kebul ɗin a hannu, na rasa kafar da zan mayar da shi.

Kawu, haka kowa ke kiranka a ma'aikatarmu, har waɗanda suka girme ka. Shekara goma sha biyu muna ɗaki ɗaya, ɗakin nan mai sanyi da kake shiga da rigar ɗari ko ana zafin fitar rai a waje, muna yi maka tsiya kana murmushi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, rauta akwati ne mai kafofi da yawa, kowace kafa da kebul ɗin kwamfutar wani a cikinta. Idan layi ya rikice, mukan umarce ta ta kwafi duk abin da ke shiga da fita ta wasu kafofin, ta zuba kwafin a kafa guda, mu zauna can mu duba. Wannan shi muke kira madubi. Mai kwamfutar ba zai taɓa sani ba, sai in an gaya masa.

Kai kuwa sai ka gaya masa. Kafin ka haɗa kafofi rukuni guda ka saka musu madubi, sai ka hau bene da gwiwarka mai ciwo, ka bi tebur tebur kana cewa daga ƙarfe goma zuwa sha biyu za ka kalli layinsu, mai sirri ya dakata. Sha biyu na bugawa za ka cire, ko ka gano matsalar ko ba ka gano ba. Na sha ce maka wahala kake ba kanka. Ban taɓa cin nasara a kanka ba.

Ba zan manta shekarata ta farko ba, ranar da na kwashi kafofi ashirin da huɗu na zuba su a kafa ɗaya don in nuna na iya. Kafar ta shaƙe, rabin bayanan suka zube, na kuma rubuta rahoto da abin da ya saura, na ɗora alhakin a kan wata na'ura da ba ta da laifi. Aka kusa sauya ta. Ka je wurin shugabanninmu ka ce kai ne ba ka duba aikina ba. Da ka dawo sai ka ja kujera ka nuna mini yadda ake ɗaukar kafofi huɗu huɗu.

Bara ne ma'aikatan hawa na uku, masu amsa kiran waya, suka kai ƙara wurin masu duba lafiyar wuraren aiki, bayan biyu daga cikinsu sun suma saboda rashin iska. Manaja ya sauko da kansa, a gabana, ya ce ka saka wa kafofinsu goma sha shida madubi ba tare da kowa ya sani ba, don a gano kwamfutar da ta aika ƙarar. Ka cire tabarau ka ce, "Ranka ya daɗe, layinsu lafiya lau yake. Tagoginsu ne ba sa buɗuwa." Ya yi barazana, ko gezau ba ka yi ba.

Kafin wata ya ƙare aka mayar da kai sito, kana naɗe tsofaffin kebul a cikin ƙura, da ƙirjin da kowa ya san ba shi da ƙarfi. Ban ce su suka kashe ka ba. Ajali na Allah ne. Amma na ga tarin da ka koma gida da shi, kuma ba zan yi kamar ban gani ba. Ina jin haushi, Kawu, haushin da har yanzu bai kwanta ba. Na ga takardar da suka manna a allon sanarwa, wai sun yi rashin ma'aikaci mai biyayya. Ba ka yi musu biyayya ba, kuma da wannan nake so 'ya'yanka su san ka.

Shekaranjiya, ko kwana bakwai ba ka yi ba, Manaja ya kira ni. Kafofin nan goma sha shida ne dai yake so in saka wa madubi a ɓoye. Ya ce in yi tunani zuwa Litinin, ya kuma tambayi lafiyar yarana uku, ɗaya bayan ɗaya, don in gane. Na gane. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba, domin ni kaɗai ke riƙe da gidanmu. To amma ba sai Litinin ba, ga amsata a rubuce inda kowa zai karanta: ba zan saka ba. Ku kuma mutanen hawa na uku, yanzu kun san abin da ake nema a kanku.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya rufa maka asiri a ranar tonon asiri kamar yadda ka rufa wa bayinSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka huɗu, da mahaifiyarka wadda ba ta yi zaton ita za a zo yi wa gaisuwa ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Ni kuma, idan aka karɓi makullin ɗakin daga hannuna ranar Litinin, Allah Ya ba ni ikon miƙa shi ba tare da na sunkuyar da kai ba.