Aiken Baba a Tsibirin Sisili

Asubar fari muka bar Kubwa, ni da abokaina biyu, muka nufi tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Su yawon buɗe ido ya kai su, ni kuwa aike. Baba tsohon magini ne. Wani Ba'italiye da ya yi wa aiki da ƙuruciya ya taɓa ce masa a garinsu akwai ginin dutse da ya haura shekara dubu biyu, babu siminti ko cokali ɗaya. Baba ya ƙaryata shi a gaban leburori, abin kuma bai bar ransa ba har yau da idonsa ya tafi. Ya ce mini, "Ka sa hannunka da kanka, ban yarda da hoto ba."

Kwana uku gare mu, mutanen nan suka cinye biyu. Ranar farko a kasuwar Palermo muka wuni, ɗaya yana neman wa madam takalmi. Kashegari suka ja ni Etna, dutsen nan mai aman wuta, muka hau cikin shadda, sanyi ya ci ubanmu, su kuwa sai hoto. Abinci taliya ce rana da dare, ba yaji. Wallahi na ƙule.

Ranar ƙarshe na bar su suna barci, na hau bas zuwa Agrigento, garin Ba'italiyen nan. Gine-ginen na kan tudu, ginshiƙai jawur, teku daga can ƙasa. Babban cikinsu an kewaye shi da shinge. Ina miƙa hannu wata mai gadi ta daka mini tsawa kamar na ɗauko guduma. Na yi ta zagaye cikin rana, raina a ɓace, sai can na samu wani tsohon bango a bakin hanya. Na bi tsakanin duwatsun da yatsa. Dutse ne a kan dutse, ko farcena bai shiga ba.

Abin da na koyo, in kana da aike kada ka bi 'yan hoto.

Da na dawo na tarar da Baba a tabarmarsa, na ba shi labari. Ya kama yatsan nawa ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Ashe mutumin gaskiya ya faɗa. Allah Ya yafe mini."

Can kuma ya ƙara da cewa, "Kai dai kada ka faɗa a kasuwarku ta Dei-Dei, tunda siminti kake sayarwa."