Shafi Ɗari Tara a Fayil Guda

Sana'ata sayar da babura ce, sababbi kaɗan, na hannu da yawa. Shagona a Daura yake, amma yawancin masu sayena daga wajen Mashi da Sandamu suke zuwa, wasu ma daga tsallaken iyaka. A wannan harka, takarda ce ke kare mutum. Idan ka sayar da na hannu babu yarjejeniya, ranar da aka ce na sata ne kai za a fara nema. Don haka kowane ciniki sai na rubuta sunan mai babur da na mai saye, lambar inji da ta jiki, shaidu biyu, sannan hoton kowa da na babur ɗin.

Shekaru da dama maƙwabcina ke buga mini waɗannan takardu. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa. Mutum ne mai sanyin magana, ya ɗan girme ni, Malam nake ce masa. Da ciniki ya buɗe sai na sayi laftof ta hannu da ƙaramar firinta. Shi ya koya mini cikin yammaci uku, ya tsara mini shafin farko, ya nuna mini yadda ake ɗauko hoto daga waya a manna. Na raba shi da aikin da yake samu a wurina, amma ko fuska bai ɓata ba. Na lura da wannan, na ajiye a raina. Wanda aka rage wa samu bai ce uffan ba, ni nakan so in san dalili.

A shekara ta uku laftof ɗin ta fara jan ƙafa. In na gama rubutu na danna adanawa, sai wani ɗan zobe ya hau juyawa a tsakiyar allo. Da farko ɗan jira ne. Daga baya har in shanye kofin shayi bai tsaya ba. Akwai ranar da na danna, na tafi masallaci na yi La'asar, na dawo na tarar yana nan yana zagayensa.

Na ce zafi ne, na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ƙasanta. Na goge duk wa'azozin da na tara a ciki. Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, ya busa mata iska, ya ce ƙwayar cuta ce, ya sa mata magani. Na dawo shago, zoben bai ko san an yi ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne, komai tana yi da sauri. Hoto ta buɗe nan take, karatu ta kunna nan take. Sai an zo kan takarduna take nauyi. Na ce to, na'ura ba ta san takarda mai daraja da marar daraja ba, sai in wani ya nuna mata.

A majalisarmu ta bayan Magariba wani direba ya ce ya ji ana iya ɗaure kwamfuta, ta yadda duk abin da ka adana sai ta fara aika wa wani kafin ta ajiye maka. Na koma gida da maganar. Ban da ni da mai gyaran nan, Malam kaɗai ne ya taɓa zama a gabanta. Kuma a watannin nan ƙanin matarsa ya buɗe wurin sayar da babura a bakin tasha, na kuma ga masu sayena biyu na Mashi a can da idona.

Ban tunkare shi ba, tarko na kafa. Ina da wani tsohon layi da ba na ba kowa. Na ƙirƙiri wani mai saye, na ba shi suna da ƙauye, na rubuta cewa yana neman babura biyar bayan girbi, na sa wannan layin a matsayin lambarsa. Na adana, zobe ya yi juyinsa ya gama. Na sa layin a wata ƙaramar waya, na riƙa yawo da ita a aljihun gaba. Mako biyu ba ta yi ƙara ba. Da mai hankali ne, da a nan ya tsaya. Ni kuwa cewa na yi sun gane tarkon, wato sun fi yadda na zata wayo.

Na rage shiga shagonsa. In ya leƙo gaisuwar safe, sai in rufe laftof ɗin kafin in amsa. Sau ɗaya ya tambaye ni ko tana lafiya, na ce lafiya ƙalau take.

Wata ranar kasuwa wani makiyayi ya sayar da bijiminsa ya zo sayen babur. An daidaita, mai babur ya sallama, shaidu biyu suna zaune a benci. Na rubuta, na manna hotuna, na danna. Wannan karon allon ma fari ya yi. Muka zauna. Mai babur ya fara kallon babur ɗinsa irin kallon wanda ke sake tunani, makiyayin kuma yana ta duba rana, don tafiyarsa da nisa. Ɗaya daga cikin shaidun, dattijo ne mai bakin tsiya, ya ce shi da ya san haka ne da ya taho da tabarma da tuwon dare. Sannan ya tambaye ni ko wanda ke bayan bangon nan ba aikinsa ke nan ba. Kafin in sami abin faɗi ya aika an kira shi.

Malam ya shigo, ya gaisa da kowa, ya tsaya sai da na matsa masa da kaina. Ya jira allon ya dawo, ya dubi ƙasansa, ya sake dubawa.

"Alhaji, shafi ɗari tara da wani abu nake gani. Duk a fayil ɗaya kake zubawa?"

Na ce ƙwarai kuwa. Na gaya masa maigidana da ya koya mini dillanci a kara, kasuwar dabbobi, bai taɓa riƙe littafi biyu ba, bai taɓa yage shafi ba, kuma ya ce duk dillalin da ka ga yana da littattafai barkatai akwai abin da yake ɓoyewa. Tun shafin da Malam ya tsara mini, ƙasa nake gangarawa in ƙara sabo.

Ya ce ai wannan littafi ne na takarda. Ita wannan, duk lokacin da na ƙara layi ɗaya, sai ta sauke kayan motar gaba ɗaya ta sake lodawa, ga kuma hotuna ina manna su da girmansu yadda waya ta ɗauka. Dattijon ya ce ashe jaki ɗaya na ɗora wa kayan gari, nake kuma zarginsa da lalaci. Aka yi dariya, har da ni.

Malam ya buɗe sabon fayil, ya koma tsohon don ya kwaso yarjejeniyar makiyayin. Garin nema ya haura sama da shafi kaɗan, sai na ga hannunsa ya tsaya. Shafin tarkona ne, babu hoto, babu shaidu. Layin kuwa shi ya raka ni muka yi masa rajista shekarun baya, ni na manta. Ya karanta, ya ɗago ya dubi aljihuna na gaba inda ƙaramar wayar take leƙowa. Ya kwafe ta makiyayin, ya adana kafin ƙiftawar ido, ya buga, aka sa hannu, kowa ya kama gabansa.

Da shagon ya rage daga ni sai shi, ya tambaye ni ko wani ya kira. Na ce babu. Ya tambaya wa nake jira ya kira. Ban iya ƙarya da wanda ke kallon idona ba, na gaya masa komai, har da zancen ƙanin matarsa. Ya saurara har na gama.

"Bango ɗaya ne tsakaninmu, Alhaji. Da ka ƙwanƙwasa ka tambaye ni."

Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Washegari ya zo da kansa don raba mini fayil ɗin, kowace shekara da jakarta, kowane ciniki da takardarsa. Na ce ya ɗauki laftof ɗin ya tafi da ita shagonsa, ya yi a natse. Ya ce a'a, a nan zai yi, ni kuma in jawo kujera in zauna kusa da shi. Kwana uku muka yi a haka. In mai saye ya kira ni waje, sai ya ɗauke hannunsa daga kanta, ya harɗe su a ƙirji har in dawo.

A rana ta uku muka iso shafin nan. Ya tambaye ni wace shekara za a sa shi. Na ce ya goge kawai. Ya turo mini laftof ɗin gabana.

"Kai ka rubuta, kai za ka goge."