Ludayin Mama

Ran da muka buɗe akwatin Mama, bayan masu zaman makoki sun watse, a can ƙasan zannuwanta na sami ludayin. Na duma ne, ya yi baƙi don tsufa, an ɗinke wuyansa da zare inda ya taɓa tsagewa. Na kai shi hanci. Ko ka yarda ko kada ka yarda, mai karatu, har yanzu akwai ƙanshin gero da citta a cikinsa. Na zauna a bakin gadon da ta bari, ban iya ci gaba da rabon kayan ba.

A Agege aka haife ni, a wani dogon gida kusa da layin dogo, irin wanda ɗaki ke kallon ɗaki. Mai gidan tsohon mahauci ne, Alhaji kowa ke ce masa. 'Yan hayan duk mutanen Arewa ne, Musulmi, daga mahauta sai masu fatu sai masu goro. Mu kaɗai ne Kirista. Iyayena daga ƙasar duwatsu suka zo. Hausa ba yarensu ba ce, amma da ita muke cefane, da ita muke sujada ranar Lahadi a wani ajin makaranta da ake ara mana. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. A ɗaki sai Mama, da ni, da ƙanena, da Kaka mahaifiyar Baba, wadda idonta ya fara hazo.

A bayan ɗakinmu akwai wata rumfa ta katako da kwano, inda 'yan ci-rani suke kwana. Samari ne daga ƙauyuka. Da an gama girbi sai su cika jirgi su gangaro Legas, saboda an ce kuɗin mai ya fara zuba. Wasu dako suke yi a kwata, wasu ga-ruwa. Katako ɗaya ne ya raba mu da su, don haka tarinsu muna ji, hirarsu muna ji. Idan rana ta ɗaga Mama ta ji akwai wanda bai fita aiki ba, sai ta jiƙa gero.

Ba wanda ya sa ta. Ta ce ɗan wani ne, uwarsa tana nesa. Takan daka geron tana rera waƙar sujada a hankali, ta dama kunu mai ruwa-ruwa, ta jefa ɗan gishiri da citta, ta ɗauka a ƙwarya ta zagaya baya. Matan majami'armu sun sha yi mata magana a kan haka. Suna cewa mutanen da ke kiran mu arna a bayan ido, me za ki samu a wurinsu? Mama ba mai musu ba ce. Sai ta ce ai ba su ne suka aike ta ba.

Akwai wani abu da take yi, wanda mu ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A garinsu ba a miƙa wa mutum abin sha sai an fara kurɓa a gabansa. Haka aka tashe ta. Ko mu 'ya'yanta ta ba ruwa, sai ta taɓa leɓenta a moɗar kafin ta miƙo. To haka take yi wa samarin nan. Ta ɗebo kunu a ludayi, ta kurɓa, sannan ta miƙa. Ba ta san cewa ido yana kan wannan kurɓar ba.

Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba sai amai da gudawa ta shigo unguwa. Lokacin zafi ne, kafin ruwan fari. Kwatoci sun bushe sun bar wari, ƙudaje sun yi yawa, famfon bakin titi ya koma ɗiga. Sai ka gaisa da mutum da safe, kafin la'asar ka ga an fito da shi a tabarma. Masu goro suka daina zama a bakin tasha. Hatta yaran motocin haya na danfo sun rage ihu. Mama kuwa ba ta ƙara zama ba. Tukunyarta kullum tana kan wuta, ƙwaryarta kullum tana hanya.

A cikin 'yan ci-ranin akwai wasu 'yan'uwa biyu masu ga-ruwa, wa da ƙane. Wan ne ya fara kwanciya. Mama ta kai masa kunu, ya sha, bai ga wata safiyar ba. Da aka dawo daga maƙabarta sai magana ta fara yawo. Aka ce matar mai jirgi tana sa bakinta a kunu kafin ta ba mutane. Aka ce tofi take yi, don ta juya su zuwa addininta, wanda kuma zuciyarsa ta ƙi sai ya mutu. Da ta sake zagayawa da ƙwarya, ƙanen mamacin ya tare ƙofar rumfar. Ya buge ƙwaryar daga hannunta, kunu ya wanke mata zane, ludayin ya faɗi ya tsage. Ya kira ta da sunan da ba zan rubuta ba.

Da yamma Alhaji ya yi sallama a ƙofarmu. Bai shigo ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Maman yara, ki bar kai abinci baya. Ran mutane a ɓace yake. Idan aka sake ganin ki a ƙofar nan, ba zan iya tare su ba, kuma ba zan iya riƙe ku a gidana ba."

Mama ta ce to.

Ba a yi mako ba ƙanena ya kwanta. Ba zan tsawaita a nan ba. Mun kai shi asibiti a bayan Mama, mun dawo da zanen goyon a hannu. Baba yana can kan layi, sai da aka rufe yaron ya iso, ya zauna 'yan kwanaki, aiki ya sake kiransa.

Daga nan Mama ta wanke tukunyar kunu, ta kife ta a bayan ƙofa. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Kawai dai abin da ke riƙe da ita ya saki. Ta daina waƙa. Idan muka durƙusa addu'ar safe, ni da Kaka, sai ta zauna tana kallon bango. Lahadi ta zo ta wuce, ba ta ɗaura ɗankwali ba. Dattawan majami'a suka zo suka yi mata karatu da ta'aziyya, ta gaishe su da ladabi, ta yi godiya, fuskarta ba ta motsa ba. Abincinmu ma Kaka ce take lalube ta dafa. Na fi jin tsoron wannan shirun fiye da cutar. Ƙanena ya tafi na gani. Mama kuma tana tafiya a zaune, ban san wa zan kira ba.

Sau ɗaya na ji ta buɗe baki a kan abin. Kaka ta ce mata Ubangiji yana gani. Mama ta ce, "Ya gani, Kaka. Ina ɗakin 'ya'yan wasu ya gani. Wa ya sani ko ni na kwaso masa ita a zanena? Na gaji. Kowa ya ji da nasa."

Ana nan sai wata safiya muka ji nishi ta jikin katako. Saurayin da ya buge ƙwaryar ne. Cutar ta kama shi, abokan kwanansa kuma suka kwashe tabarminsu suka koma zaure. Suna leƙa shi daga nesa, suna yi masa sannu, amma ba mai shiga. Rana ta hau, kwanon rumfar ya ɗauki zafi. Muna jin sa yana kiran ruwa. Daga baya ya daina kiran ruwa, ya koma kiran innarsa.

Mama tana zaune a kan tabarma, bayanta jingine da wannan katakon. Na san tana ji. Ina kallon hannayenta a kan cinyarta, ta dunƙule su har jijiyoyi sun fito.

Kaka ta miƙe da kyar, ta lalubo kwanon gero, ta ce in jawo mata turmi. Tsohuwa ce, taɓaryar ta fi ƙarfinta. Idan ta ɗaga sai ta karkace, ta bugi gefen turmin, gero ya fantsama ƙasa, kajin maƙwabta su ruga. Ta huta, ta sake ɗagawa. Ƙarar dakan nan ba ta da tsari, kamar tafiyar gurgu. Duk wadda ta iya daka ba za ta iya zama tana jin irinsa ba.

Mama ta jure iya jurewarta. Can sai ta fito.

"Kaka, kina ɓarnar gero."

"Ina yi, 'yata. Hannun ya mutu."

"Ba zan iya yi masa addu'a ba. Ban yafe ba. Babu komai a cikina."

"Wa ya ce ki yi addu'a?" in ji Kaka. "Daka na ce. Karɓi."

Ta karɓa. Ba ta yi waƙa ba. Ta daka da fuska a ɗaure kamar mai dukan wani, ta tankaɗe, ta juyo da tukunyar daga bayan ƙofa, ta tafasa ruwa sosai. Ta nemo zare ta ɗinke wuyan ludayin. Da ta ɗauki ƙwaryar na riƙe gefen zanenta, na ce Mama, Alhaji fa ya ce. Ba ta kore ni ba. Haka muka fita tare.

An idar da sallar azahar ke nan, maza suna zaune a inuwar zaure, kuma ba hanyar zuwa baya sai ta gabansu. Hira ta tsaya cak. Wani ya miƙe, wani ya bi shi. Kafin mu kai ƙofar rumfar sun zagaye mu, har da mahauta biyu da suka dawo daga kwata, wuƙaƙensu a ƙugu kamar kullum, amma ranar ban iya ɗauke ido daga kansu ba. Alhaji ya taho a baya yana dogara sanda.

Mama ta durƙusa a bakin ƙofa ta ajiye ƙwaryar. Warin ɗakin ya buge mu. Ta ɗebo kunu, kuma hannunta, da kansa, ya nufi bakinta.

"Kun gani ko!" wani ya ce da ƙarfi. "Ga shi nan za ta sake!"

Ludayin ya tsaya a iska.

Alhaji ya matso. "Maman yara, na hana ki, ba ki hanu ba. To gaya mini a gaban mutanen nan. Me kike sa wa a kunun da bakinki?"

"Ba na sa komai, Alhaji," in ji Mama. Muryarta a dushe take, don ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba. "Ɗauka nake yi. A garinmu ba a ba mutum abin sha sai an fara kurɓa. Idan akwai mutuwa a ciki, mai bayarwa za ta fara kamawa. Nawa ɗan ma ya tafi. Wa ya yi masa tofi?"

Daga ciki saurayin ya yi wani nishi mai tsawo.

Alhaji ya daɗe yana kallon ta. Sai ya miƙa sandarsa ga na kusa da shi, ya ce, "Kurɓa." Mama ta kurɓa. Ya karɓi ludayin daga hannunta, ya yi bisimilla, ya shanye ragowar a gaban kowa. Ya goge gemunsa.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," in ji shi. "Ku ba ta hanya."

Saurayin ya tashi daga ciwon. Bai taɓa zuwa ya ce na gode ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Idan ya hango Mama sai ya sunkuyar da kai ya canza hanya. Amma har damina ta sauka ya koma garinsu, ba mu ƙara bin layin famfo ba. Kullum muka buɗe ƙofa sai mu tarar da randarmu a cike.

Kada ka ɗauka ranar ce Mama ta warke. Ta ci gaba da dama kunu, amma ta daɗe ba ta durƙusa tare da mu ba. Hannunta ne ya fara komawa, zuciyar ta biyo daga baya, a hankali, tana ɗingishi. Sai da aka kusa Kirsimeti na ji ta, wata safiya tana surfe, ta ɗauko waƙa daga tsakiya, kamar wadda ta ajiye jiya.

Yau gidan nan babu shi. An rushe an yi shaguna, inda rumfar take kuma masu babur na okada ne ke jiran fasinja. Yaranmu ruwan leda suke sha, kowa da nasa, kuma likita zai ce maka hakan ya fi. Ban musa ba. A kwanakinta na ƙarshe a asibiti, Mama ta daina gane mutane. Na dama mata kunu na kai cokali bakinta, ta datse leɓe tana kallona, kamar ta ga baƙuwa marar tarbiyya. Sai na tuna. Na kurɓa a gabanta, sannan ta buɗe baki.

Tun da muka rufe ta ban taka majami'a ba. Idan na durƙusa, ba abin da ke fitowa. A ɗakin da ke jikin nawa akwai wata yarinya, baƙuwa ce, ko gaisuwa ba ta cika amsawa ba, kuma tun jiya nake jin tarinta ta jikin bango. Babu komai a cikina. Amma na jiƙa gero.