Jirgin da Yaya Iddi Ya Shiga

Wata Asabar cikin zafin shekarar 2015, 'yata Zuwaira ta ja ni gidan tarihin jiragen ruwa da ke Manhattan. Aikin makaranta aka ba su, kuma ba a barin yaro ya shiga sai da babba. Muka hau bas daga unguwarmu Park Hill, muka shiga feri, jirgin fito, na zauna a tsakiya nesa da taga kamar kullum. Ni ba na kallon teku. A can muka ga igiyoyi masu kaurin cinyata, da fitilun tagulla, da hotunan Turawa masu gemu. Ita ke karanta rubutun bango tana gaya mini, tunda ni ban yi boko ba. A ɗakin ƙarshe akwai dogon baho na gilashi cike da ruwa, da ɗan jirgin wasa a ciki, samansa baƙi, cikinsa ja, ga ƙananan katakai a gefe da yara ke loda masa. Zuwaira ta naɗe hannun riga. Ni kuwa na tsaya cik, domin na san wannan jan cikin.

A zangon Takoradi, unguwar Hausawa a bakin tekun Ghana, aka haife ni, a gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Ubanmu ya rasu ina goye. Mma, uwarmu, koko da ƙosai take sayarwa, ni ce mai wanke ƙore da tace gasara da kai niƙa, in an gama in ɗauki bokitin koko in hau tudun da ke kallon tashar jiragen ruwa, inda leburori ke karyawa. Da rana mu yi wasan ampe a bakin famfo, muna tsalle da tafi har ƙafa ta yi fari, masu layin ruwa suna zaginmu. Wana Iddi dako yake yi a kasuwa. Shi ke ɗora ni a wuya ya nuna mini jirage, yana faɗin ƙasar kowanne daga tutarsa, ko daidai ne ko ƙarya ban sani ba. A lokacin duk saurayin zango da jirgi yake kwana a zuciya. Wanda ya ɓuya a ciki ya tsira, sai ka ga hotonsa ya iso, ya jingina da mota cikin ƙatuwar riga, uwarsa na yawo da shi gida gida. Waɗanda hotonsu bai zo ba, ba a zancensu. Yaya Iddi yakan ce mini, "Adiza, in na isa, takalmin makaranta zan fara aiko miki."

Samari suna da iliminsu da suke koya wa juna a bayan masallaci. Sun ce ranar tashin jirgi masu gadi sun fi tsanani, don haka mai wayo da wuri yake shiga, tun ana lodi. A bayan jirgi akwai ƙaton ƙarfen da ke juya shi, a samansa kuma akwai ɗan kogo da mutum zai iya tsugunawa. Yaya Iddi ya zaɓi wani jirgi da ya zo wayam don ɗaukar gumaguman itace. Ya ƙulla gari da sukari da galan na ruwa, wani masunci Kwesi ya kai shi da kwalekwale da sassafe. Kwesi ya zo ya shaida wa Mma cewa da idonsa ya ga ya hau ƙarfen ya shige, wurin a bushe, ruwa na can ƙasa. Jirgin bai tashi ba sai bayan kwanaki. Kullum ina kan tudu da bokitina ina kallon ana zuba masa itace, in na ga ba mai dubana in ɗaga masa hannu. Na lura jan cikinsa yana raguwa, har ranar da ya tafi baƙi kawai ake gani. Ban ɗauke shi komai ba. Yarinya ce ni.

Hoto bai zo ba. Mma ta hana a yi masa salla ko sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai. Kowace yamma sai ta zuba tuwonsa a langarsa mai shuɗin baki ta rufe, ko da mu ba mu ƙoshi ba. In kwanta cikina na ƙugi ina kallon langar, da safe a juye wa kaji. Abin da ya kamata ya kai ni makaranta ya tafi wurin masu duba. Wannan ya zana ƙasa ya ce yana raye a bayan ruwa, wancan ya ce wata Baturiya ce ta riƙe shi, a kawo farin rago. Sa'o'ina suka wuce ni da jakunkuna, ni ina tace gasara. Haka na girma, ƙanwar wanda ake jira.

Da aure ya kawo ni Amurka, abin da Mma ta sa mini a jaka shi ne hotonsa na katin aiki. "In kin sauka ki je wurin sarkin zangon can," in ji ta, "shi ya san baƙi." A ganinta Amurka gari ne kamar namu. Na kuwa nema. Na bi masallatan Bronx, na tsaya a unguwar Jamaica ina nuna wa ma'aikatan filin jirgin sama hoton saurayin da, in yana raye, ya yi furfura. Auren ya mutu, na koma aikin jinyar tsofaffi, neman bai mutu ba. Duk Lahadi in Mma ta kira ni a waya, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Kin gan shi?"

To ga ni gaban bahon gilashi. Zuwaira na saka katako ɗaya bayan ɗaya, jirgin na nutsawa a hankali. Jan ya ragu, ya ragu, ruwa ya haɗiye ƙarfen baya, ya hau har inda kogon yake. Ta yi tafi ta ce da Turanci ta cika shi daidai. Na ce ta kwashe ta sake. Ta sake, haka ya kuma yi. Mu 'yan zango ba masunta ba ne, Yaya Iddi bai iya iyo ba. Ban ga gawa ba, ba kuma wanda zai ba ni shaida, amma na sani. Bai taɓa barin Takoradi ba. Yana nan ƙasan tudun, ina ɗaga masa hannu.

Washegari Lahadi Mma ta kira. Na ce, "Mma, a yi wa Yaya sadaka." Na faɗa mata abin da na gani, ban rage ba. Ina jin kaji a bayanta. Can ta ce, "Jirgin wasan yara ne zai kashe mini ɗa? Ke dai ce kin gaji da nema." Ta kashe wayar. Ba ta ƙara tambayata ko na gan shi ba, ba ta kuma ƙara tambayata komai ba, sai gaisuwa. Da ta rasu, matan gidan suka ce langar na nan a rufe a gefen gadonta.

Sadakar ni na yi ta. Na soya ƙosai a kicin ɗina, Zuwaira ta taya ni ɗauka zuwa masallaci a unguwar Stapleton, liman ya ambaci sunansa cikin mamata, mutanen da ba su san shi ba suka ce amin. Yanzu Zuwaira tana da takalman makaranta har ta rasa na zaɓa, tana zama a bakin tagar feri tana ƙirga jirage. Wani lokaci nakan so in koma kan tudun nan, a wuyan wana, lokacin da jirgi abin sha'awa ne. Shi ruwa ya ci shi cikin kwanaki. Mu da muka rage a tudu, a hankali ya ci mu.