Kwalabe Huɗu na Hajiya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da yayarmu, za mu Doha sunan ɗan ƙaninmu. Shekara takwas da aurensa sai yanzu Allah ya kawo haihuwa. Hajiyarmu ciwon gwiwa ya hana ta tafiya, sai ta haɗa mu da saƙo: kilishi, dubulan, da kwalabe huɗu na wayin ɗin biki, wato ruwan inabi mai kumfa wanda ba ya da barasa. A gidanmu ba a biki sai murfinsa ya yi ƙara. Ta sa an buga sitika mai hoton jaririn da "Barka da Suna", aka manna wa kowace kwalba gaba da baya.

Tafiya ta yi daɗi har muka sauka. Sanyin filin jirginsu kamar cikin firij, ƙasa kuwa har kana jin kunyar takawa. Muna tura akwati ta na'ura sai wani jami'i ya ɗaga hannu, ya nuna mana gefe.

Da ya zaro kwalba ɗaya sai na gane matsalar. Wuyan nan mai takardar zinare, murfi ɗaure da waya, sak giyar Turawa. Ƙasar kuma ba a shiga mata da giya. Na ce ruwan inabi ne. Ya juya kwalbar yana neman rubutun kamfani, babu komai sai fuskar jariri. Sitikar Hajiya ta rufe duka.

Ƙaninmu ne ya tsaya mana muka samu biza, sunansa da wurin aikinsa na kan takardunmu. Abin da nake ta tunawa ke nan. Yayarmu ta matso kunnena.

"Kankare mana, me kake jira? Kada mu ja wa yaron nan masifa!"

Na sa farce. Mai sitikar nan, Allah ya shirye shi, gam ya zuba kamar na gyaran takalmi. Ina kankarewa takardar ƙasa na biyo ta, har farcena ya karye. Jami'in na tsaye a kaina yana kallo. Da ƙyar wani ɗan layi ya leƙo a ƙasan kunnen jaririn: babu barasa. Ya karanta, ya nuna sauran ukun. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yage fuskar ɗan ƙanina. Sannan ya ce, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, mu wuce.

Hanyar Al Wukair, unguwar ƙaninmu, shimfiɗe take ba rami ko ɗaya, amma ban dawo hayyacina ba sai da ƙanin namu da ya ɗauko mu ya tsaya ya saya mana karak, shayinsu mai madara, na riyal ɗaya. Ranar suna 'yan gida suka cika falo, direbobi da masu gadi da likitoci, ana cin tuwo. Da murfi ya yi "fau!" kowa ya yi shewa, ni kuwa zabura na yi. Washegari a wani kanti a Al Gharrafa na ga irin kwalaben nan jere, har da ragi.

Tafiyar ta koya min in riƙa duba saƙo kafin in rufe akwati, ko na uwa ne. Da muka dawo Kano, Hajiya ba ta tambayi jirgi ba, ba ta tambayi gari ba. Cewa ta yi, "Ya suka ga hoton angon nawa a jikin kwalba?"

Na dubi farcena da har yanzu bai toho ba, na ce, "Hajiya, tun daga filin jirgi ake kallonsa."