Lambobin da ke Aljihun Zagaye

A ofishin 'yan kwana-kwana babu mai kiransa da sunan yanka. Zagaye ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk gidan da ya kama da wuta, in motarsu ta tsaya, yaransa suna ta warware tiyo, jama'a suna ta ihu, shi sai ya goya hannu a baya ya zagaye ginin sau ɗaya, yana kallon tagogi kamar wanda ya zo sayen gida. Zagin da ya sha a kan wannan tafiyar ba ya ƙirguwa. An jefe shi da takalmi, an ce masa matsoraci, wata tsohuwa ma ta taɓa watsa masa ruwan wanke-wanke. Ko a jikinsa. Mutane dai ba su da aiki sai koya wa mai aiki aikinsa, ga su da baki, amma ka ce ɗaya ya riƙe tsani, sai ka neme shi ka rasa.

Shekara ashirin da takwas ya yi a aikin. Gwiwoyinsa sun gaji, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai, tarin safe ya zame masa kamar gaisuwa. Da ƙuruciyarsa shi ne na farko a bakin ƙofa, tiyo a hammata, ba ya jiran kowa. Abin da ya sauya shi wani shagon kafinta ne. Lokacin sabon shugaban ayari ne, ya ga hayaƙi a gaba, ya tura mutum biyu ta ƙofar gaba. Bai san akwai ɗakin ajiya a ƙarƙashin daɓen katakon ba, wutar kuwa a can take. Da ya leƙa bayan ginin, da ya ga tagarta tana aman wuta. Ɗaya ya fito. Ɗayan, Dogo, bai fito ba, kuma yayan matarsa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Akwai ƙa'ida a aikinsu. Kowane ma'aikaci yana da 'yar lamba ta tagulla, in zai shiga wuta ya miƙa wa shugaba, in ya fito ya karɓi abarsa, don a san wa ke ciki. Wasu shugabannin a allo suke ratayewa. Zagaye a aljihun ƙirji yake zubawa, ya ce ya fi son ya ji nauyinsu. Lambar Dogo tana cikin durowar gefen gadonsa, ƙarƙashin takardun asibiti. Matarsa ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Tambaya ɗaya take yi masa in ya dawo, kafin ma ya cire takalmi: ya mayar wa kowa? Ya ce ya mayar, sai ta kawo shayi.

Sai ga 'yarsu ta fari ta rasa wanda za ta aura duk garin nan sai ɗan kwana-kwana, kuma a ayarin ubanta. Zagaye ya yi faɗan, ya yi fushin, ya haƙura. Kunya ba ta barinsa ya kama sunan surukin, sai ya riƙa kiransa da lambarsa, Bakwai. Yaron kirki ne, ga ƙarfi, ga taurin kai, irin na Zagaye a da. A gida yana ce masa Baba, a wurin aiki Oga, bai taɓa haɗa su ba.

Saura wata biyu Zagaye ya ajiye aiki aka kira su wani bene mai hawa biyu, da rana tsaka. Ƙasa shagon katifu ne, sama ɗakunan haya. Kafin mota ta gama tsayawa wata mata ta cafke masa riga, ta ce mahaifinta yana sama, ɗakin ƙarshe, ba ya iya tafiya sai an ɗaga shi. Ya zare hannunta a hankali, ya goya nasa a baya, ya kama zagayensa. Tana biye da shi tana kuka, tana tambayar ko kurma ne.

Abin da ya gani a baya bai yi masa daɗi ba. Maƙwabta, da kyakkyawar niyyarsu, sun fasa ƙofar bayan shagon don su watsa ruwa da bokiti, sun buɗe wa wutar hanyar iska. Soson katifa yana narkewa yana gudu a ƙasa. Hayaƙin ya yi baƙi ƙirin, yana fita yana komawa ta bakin ƙofar kamar numfashi. Ya ɗaga kai ya ga tsaga a bangon da ke ɗauke da benen, daga kan taga har sama. Matakala kuwa ta zama bututun hayaƙi, ba ta hawuwa.

Ya dawo gaba ya raba aiki. Tiyo biyu su danne shagon, a kafa tsani a tagar barandar sama, mutum biyu su shiga da tukunyar iska. Ya ba su minti biyar, ya ce in sun ji hon ɗin mota sau uku su bar komai su fito. Bakwai ne ya fara miƙo lambarsa. Zagaye ya so ya ce a'a, wallahi ya so, amma ta yaya zai hana mijin 'yarsa ya tura mijin 'yar wani? Ya karɓa, ya karɓi ta mutum na biyun, ya jefa su a aljihu.

Ya tsaya idonsa a kan tsagar, agogo a hannu. A minti na huɗu tsagar ta buɗe har yatsa zai shiga, siminti ya fara zubowa. Ya danna oba-oba, rediyon da suke magana da shi, ya ce su fito. Na biyun ya amsa. Bakwai ya ce sun duba ɗaki uku, saura na ƙarshe, ƙofar a kulle take ta ciki.

"Na ce ku fito."

"Baba," in ji muryar, tana haki, "ina jin tarinsa. Minti biyu kawai."

Bai taɓa ce masa Baba a bakin aiki ba. Zagaye ya ji lambobin nan biyu sun yi masa nauyi a ƙirji. Ya dubi matar, an rirriƙe ta a bakin titi. Ya dubi bangon. Ya ɗaga wa direba hannu, hon ya yi kuka sau uku.

Sun sauko. Bakwai ya cire abin fuskarsa, ya tsaya yana kallon tagar. Kowa yana jiran benen ya rufta. Minti ɗaya ya wuce, biyu, biyar, benen yana nan tsaye. Sai a minti na tara ya rufta, da ƙarar da ta girgiza titin. Tara! Zagaye ya duba agogo, ya kuma san Bakwai ma ya duba. Ko biyu sun isa a fasa ƙofa a ɗauko tsoho a sauko da shi ta tsani, ko ba su isa ba, babu wanda zai taɓa faɗa masa. Sai la'asar aka fito da gawar. Matar ba ta zage shi ba, ta gaji da zagin, kallonsa kawai ta yi.

Da aka naɗe tiyo ya tsaya a gindin mota yana mayar da lambobi. Na biyun ya karɓi tasa. Ya miƙa wa Bakwai, Bakwai ya dubi hannun, ya wuce ya hau mota. Zagaye bai kira shi ba. Ya gaji, gajiyar da ba ta jiki ba, ya kuma ji tausayin yaron, don ya san irin kwanakin da ke jiransa.

Ya isa gida da warin hayaƙi, ya zauna a bakin gado. Matarsa ta tsaya a ƙofa ta yi tambayarta. Ya ce duk sun fito. Ta ce ba haka ta tambaya ba. Sai ya zaro lambar ya nuna mata, ya gaya mata komai, har da minti taran. Ta daɗe tana kallon bakwai ɗin da ke jikin tagullar. Shi kuma ya miƙa hannu ya jawo durowa, don bai san inda zai sa ta ba.

Ta riƙe masa hannu, ta tura durowar da gwiwa ta rufe.

"Ba nan ba," ta ce. "Wannan mai ita yana da rai."

Ta karɓe ta, ta goge da bakin zaninta, ta ajiye a kan teburin falo, inda mai shigowa zai gani.